Gano Matsalar Allon Kwamfuta da Yanke Shawara Tsakanin Gyara da Sauyi

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan hanyoyin gano musabbabin lalacewar allon kwamfuta, wanda aka fi sani da monita, da kuma ma'aunin da ya kamata a bi kafin a yanke shawarar gyara shi ko sayen wani. An fara da fayyace sassan monita da aikin kowannensu, sannan aka jero matakan bincike daga mafi sauƙi zuwa mafi wuya. Maƙalar ta nuna cewa ɓangaren da ya lalace shi ne ke yanke hukunci: matsalar waya da ta wuta da ta fitilar baya suna karɓar gyara a kan kuɗi kaɗan, alhali lalacewar gilashin da ke nuna hoto takan wajabta sauyi.

Fitilun Kalmomi: monita, kafasita, fitilar baya, gyara, sharar lantarki

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 2015 da Hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, cibiyoyin rubuta jarrabawa masu ɗauke da ɗaruruwan kwamfutoci suka yawaita a Nijeriya. Haka kuma jami'o'i da ofisoshi da shagunan buga takardu duk sun dogara ga kwamfutar tebur wajen gudanar da ayyukansu. A irin waɗannan wurare, abu ne sananne a tarar da ɗakin ajiya shaƙe da monitoci waɗanda aka yanke wa hukuncin mutuwa, ba don komai ba sai don an danna maɓalli hoto bai fito ba. Wasunsu sun lalace da gaske. Wasu kuwa lafiyarsu ƙalau, laifin na waya ne ko na injin kwamfutar, sai aka bar jaki ana dukan taiki.

Asarar da ke cikin wannan ta fuska biyu ce. Wanda ya jefar da monita mai ƙaramar matsala ya yi asarar kuɗin sabo. Wanda kuma ya nace sai ya gyara wanda ba ya gyaruwa ya yi asarar kuɗin gyara, daga baya kuma dole ya sayi wani. Abin da ke raba mutum da duka biyun shi ne ya san ɓangaren da ya samu matsala kafin ya taɓa aljihunsa.

2.0 Sassan Monita da Aikin Kowanne

Monitocin da suka fi yawa a yau su ne shafaffu na fasahar LCD, waɗanda suka maye gurbin masu ƙeya na fasahar CRT. Monita irin na LCD ya ƙunshi manyan sassa huɗu.

Na farko shi ne farantin wuta. Aikinsa karɓar wutar gida, wadda ƙa'idarta a Nijeriya bolt 230 ce, ya mayar da ita ƙaramar wuta madaidaiciya da sauran sassa ke buƙata, kamar bolt 5 ko 12. A wasu monitocin wannan ɓangare yana waje ne a matsayin adafta mai fitar da bolt 12 ko 14 ko 19.

Na biyu shi ne farantin sarrafa hoto. Shi ke karɓar sigina daga kwamfuta ta hanyar waya, ya daidaita ta da girman allon, kuma shi ke nuna jerin zaɓuɓɓukan da ke fitowa idan aka danna maɓallan jikin monita.

Na uku shi ne fitilar baya. Gilashin LCD ba ya samar da haske da kansa, tilas sai an haska shi daga baya. Tsofaffin monitoci suna amfani da siraran ƙwayaye masu kama da dogon ƙwan lantarki, waɗanda ake kira CCFL, tare da ƙaramar inbata da ke ɗaga musu wuta zuwa ɗaruruwan bolt. Sababbi kuwa suna amfani da jerin ƙananan fitilun LED.

Na huɗu shi ne gilashin nuna hoto. Ya ƙunshi ruwan kiristal da aka killace tsakanin gilasai biyu, an rarraba shi zuwa ƙananan ɗigogi da ake kira fiksel. Allo mai ma'aunin 1920 sau 1080 yana da fiksel 2,073,600, kowanne kuma ya kasu gida uku: ja da kore da shuɗi. Wannan ɓangare shi ne mafi tsada a cikin monita, kuma a kansa hukuncin gyara ko sauyi ya fi rataya.

3.0 Matakan Bincike

Ƙa'idar bincike ita ce a faro daga waje a nufi ciki, a kuma riƙa sauya abu ɗaya tak a kowane gwaji. Idan aka sauya waya da soket da kwamfuta a lokaci guda hoto ya dawo, ba za a san wanne ne mai laifin ba.

3.1 Tabbatar da Wuta

Ƙaramar fitilar da ke gaban monita ita ce shaida ta farko. Idan ba ta kama ba sam, sai a gwada soket ɗin da wata na'ura, sannan a sauya wayar wuta. Mafi yawan monitoci suna amfani da waya mai baki uku iri ɗaya da ta injin kwamfutar tebur, saboda haka ana iya musanya su don gwaji. Filogi mai ƙafa uku yana ɗauke da fis a cikinsa, wanda kan ƙone ya bar na'urar lafiya. Idan monitan mai adafta ne, sai a auna abin da adaftar ke fitarwa da mita, a kwatanta da abin da aka rubuta a jikinta. Wajen sauya adafta kuwa, dole ƙarfin bolt ya yi daidai da na asali, domin wadda ta zarce tana iya ƙona farantin sarrafa hoto nan take.

3.2 Raba Laifi Tsakanin Monita da Kwamfuta

Idan fitilar gaba ta kama amma babu hoto, sai a cire wayar sigina gaba ɗaya, a kunna monitan shi kaɗai. Lafiyayyen monita zai nuna tambarin kamfani ko saƙon da ke cewa babu sigina, kuma jerin zaɓuɓɓukansa zai fito idan aka danna maɓalli. Fitowar waɗannan cikin tsabta hujja ce mai ƙarfi cewa wuta da fitilar baya da gilashi suna aiki. Wasu kamfanoni, kamar Dell, sun sanya wa monitocinsu tsarin gwajin kai wanda ke cika allo da launuka ɗaya bayan ɗaya ba tare da an haɗa kwamfuta ba.

Daga nan sai a haɗa monitan da wata kwamfuta da aka tabbatar da lafiyarta, a kuma haɗa kwamfutar farko da wani monita ko talabijin. Duk wanda matsalar ta bi, shi ne mai ita. Sau da yawa ƙura ce ke hana ma'adanar RAM zama daram a gurbinta, kwamfuta ta kasa tashi, a ɗora wa monita laifi. Wani kuskuren kuma shi ne soka waya a ramin uwar kwamfuta alhali injin yana da katin hoto na daban. A kan manhajar Windows, danna maɓallin Windows tare da harafin P yana ba da damar zaɓar allon da za a tura wa hoto, wanda kan warware matsalar masu haɗa monita da kwamfutar tafi-da-gidanka.

3.3 Duba Wayar Sigina

Wayar VGA, wadda kamfanin IBM ya fito da ita a 1987, har yanzu tana da yawa a ofisoshi da makarantu. Tana da allurai 15, uku na farko su ke ɗauke da ja da kore da shuɗi. Idan allurar ja ta lanƙwashe, hoto zai rine zuwa shuɗi-shuɗi mai sirkin kore. Idan ta kore ce, sai ya koma ruwan hoda mai duhu. Idan kuwa ta shuɗi ce, sai komai ya yi rawaya. Mai ganin haka zai ɗauka allon ne ya lalace, alhali miƙar da allura ɗaya ko sauya waya ya wadatar.

Wayoyin da suka biyo baya, wato DVI ta 1999 da HDMI ta 2002 da DisplayPort ta 2006, suna aika hoto ne a tsarin lambobi. Matsalarsu kan bayyana ta hanyar ɗaukewar hoto yana dawowa, ko wasu ɗigogi masu ƙyalli a warwatse. Idan monita yana da rami fiye da ɗaya, ya kamata a tabbatar an zaɓi wanda aka soka wayar a cikin jerin zaɓuɓɓuka, a kuma gwada ɗaya ramin, domin rami ɗaya kan lalace sauran su ci gaba da aiki.

3.4 Gwajin Tocila

Idan fitilar gaba ta nuna monita yana karɓar sigina amma allon baƙi ƙirin, sai a kashe wutar ɗaki, a kara tocila a jikin gilashin a ɗan karkace. Idan aka hango inuwar rubutu ko hotuna a dushe, to gilashi da farantin sarrafa hoto suna aiki, fitilar baya ce ta mutu ko abin da ke ba ta wuta. Wannan gwaji ba ya cin ko kwabo, amma yana raba monitan da za a gyara da wanda za a haƙura da shi.

4.0 Alamomi da Fassararsu

Bayan an tabbatar matsalar tana cikin monita, alamomin da yake nunawa kan faɗi inda take.

Monitan da fitilar gabansa ke ƙiftawa, ko yake ɗaukar mintoci kafin ya kawo hoto musamman da safe, ko yake yin siririn kuka, galibi kafasitocin farantin wutarsa ne suka gaji. Kafasita ƙaramin gwangwani ne mai riƙe wuta yana tace ta, kuma a cikinsa akwai ruwan sinadari da ke ƙafewa sannu a hankali. Wadda ta gaji kan kumbura a sama ko ta tsiyayar da wani abu mai launin ƙasa, ko da yake wata kan mutu ba tare da ta nuna alama ba. Tsakanin 1999 da 2007 an yi fama da yawaitar kafasitoci marasa inganci a kayan lantarki a duniya, kuma monitocin wancan zamani suna cikin waɗanda abin ya shafa.

Monitan da ke kawo hoto na daƙiƙa ɗaya ko biyu sannan ya ɗauke, tsarin kariyarsa ne ke kashe fitilar baya saboda ya ji wata matsala a ƙwayaye ko inbata ko wutar da ke zuwa musu. A fitilun LED, tun da jere suke a layi ɗaya, mutuwar guda kan iya kashe layin duka. A na CCFL kuwa, hoto mai jaja-jaja a farkon kunnawa alama ce ta tsufan ƙwan.

Allon da ya yi fari fat babu hoto yana nuna fitilar baya tana aiki amma sigina ba ta isa gilashi. Wani lokaci faffaɗar wayar da ta haɗa farantin sarrafa hoto da gilashi ce ta yi sako-sako, wani lokaci kuma ƙaramin fis ne a kan farantin gilashin.

Layuka a tsaye ko a kwance waɗanda ba sa gushewa ko da an cire wayar sigina sukan fito ne daga ƙananan na'urorin da aka manne a gefen gilashi tun daga masana'anta. Sake manna su yana buƙatar inji na musamman. Baƙin tabo mai kama da zubewar tawada kuwa shaida ce gilashin ciki ya fashe, ko da na waje bai nuna tsaga ba.

Ɗigo ɗaya ko biyu da suka mutu ko suka maƙale a launi guda ba sa cikin manyan matsaloli. Ƙa'idar ISO 13406-2 ta 2001, a lokacin da take aiki, ta yarda wa allo mai daraja ta biyu ya kasance da fiksel biyu masu haske kullum da biyu matattu a cikin kowane miliyan ɗaya. Saboda haka ba kowane ɗigo ne kamfani ke karɓa a ƙarƙashin garanti ba.

5.0 Tasirin Muhalli

Zafi shi ne babban abokin gabar kafasita. Masana'antu kan rubuta wa irin waɗannan kafasitoci wa'adi, misali awa 2,000 a zafin digiri 105, kuma ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ita ce duk raguwar digiri 10 tana ninka wa'adin. Bisa wannan lissafi, kafasitar da ke aiki a digiri 65 za ta kai awa 32,000, wato kusan shekara 11 idan ana aiki da ita awa takwas kullum. Idan zafin cikin monitan ya hau zuwa digiri 75, wa'adin zai faɗo zuwa awa 16,000. A garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai, inda zafin bazara ke haura digiri 40, wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Ƙurar hunturu kuma tana toshe ƙofofin shan iska, ta ƙara riƙe zafi a ciki.

Abu na biyu shi ne yanayin wuta. Galibin monitoci an yi su ne su jure daga bolt 100 zuwa 240, don haka raguwar wuta ba ta cika cutar da su ba. Abin da ke yi musu illa shi ne hauhawar wuta ta farat ɗaya, kamar lokacin dawo da ita bayan ɗaukewa, ko sauyawa zuwa janareta, ko tsawa a lokacin damina. Cire filogi bayan tashi daga aiki, da amfani da na'urar kariya daga hauhawar wuta, da share ƙofofin iska, su ne rigakafin da ya fi araha.

6.0 Gyara ko Sauyi

Tambaya ta farko ita ce ko garanti bai ƙare ba. Idan yana nan, buɗe monita zai soke shi, don haka mayar da shi wurin da aka saya shi ne daidai.

Idan babu garanti, sai a dubi ɓangaren da ya lalace. Waya da fis da adafta sauya su kawai ake yi. Kafasitoci kaya ne masu araha, kuma mai gyaran talabijin da ya iya aikin dalma zai iya sauya su cikin ɗan lokaci. Sharaɗin shi ne a sa masu ƙarfin riƙo daidai da na asali, masu jure bolt daidai ko fiye, masu alamar digiri 105, kuma a sauya dukkan na layin fitar wuta lokaci guda tun da tare suka tsufa. Farantin wuta ko na sarrafa hoto ana iya ciro shi daga wani monita irinsa wanda gilashinsa ya fashe. A nan cibiyoyin da suka sayi monitoci iri ɗaya da yawa ke da riba, domin matattu biyu kan iya tayar da lafiyayye ɗaya.

Fitilar baya tana tsaka-tsaki. Idan abin da ke ba ta wuta ne ya lalace, gyara yana da sauƙi. Idan kuwa fitilun ne da kansu, sai an warware gilashin da siraran ledojin da ke bayansa, aikin da ke buƙatar ƙwarewa da wuri mara ƙura. Ya dace da babban monita mai tsada, amma da wuya ya biya a ƙaramin tsohon monita mai inci 17.

Fashewar gilashi da layukan da ba sa gushewa su ne iyakar gyara. Kuɗin sabon gilashi tare da ladan aiki kan kusanci kuɗin monitan gaba ɗaya, wani lokaci ma ya zarce.

Akwai ma'aunin da aka saba amfani da shi, cewa idan kuɗin gyara ya haura rabin kuɗin madadi, gara a sauya. Sai dai ya kamata madadin ya zama na gaskiya. A kasuwanni irin su Computer Village da ke Ikeja da titin Beirut da ke Kano ana samun monitocin da aka yi amfani da su a ƙasashen waje a farashi mai sauƙi, kuma da su ya kamata a kwatanta tsohon monita. Amma na hannu shi ma ya riga ya ci wani kaso na wa'adinsa. Mai saye ya duba shekarar ƙira a takardar da ke manne a baya, ya sa a kunna masa na tsawon lokaci, ya kuma gwada shi da farin shafi da baƙi don ganin tabo da matattun ɗigogi.

Shan wuta ma abin lissafi ne. Monita mai ƙeya na inci 17 yana shan kimanin wat 70, alhali na LED mai inci 22 yana shan kimanin wat 20. Bambancin wat 50 a awa takwas na kwana 300 ya kama yunit 120 a shekara ga monita ɗaya. Ga cibiyar da ke aiki da janareta ko hasken rana, wannan kaɗai ya isa hujjar daina gyaran masu ƙeya.

Wajibi ne a yi gargaɗi game da buɗe monita. Babbar kafasitar farantin wuta tana riƙe kimanin bolt 325 idan wutar gida ta cika, kuma tana iya ci gaba da riƙe wuta bayan an cire filogi. A cikin mai ƙeya kuwa akwai ɓangaren da ke kaiwa wajen bolt 25,000. Duk matakan da ke sashe na 3.0 kowa zai iya yin su, amma abin da ya wuce nan aikin masu sana'a ne, kada garin neman gira a rasa ido.

7.0 Makomar Wanda Aka Sauya

Shawarar sauyi ba ta kammala sai an san inda tsohon zai tafi. Ƙwayayen CCFL suna ɗauke da zaiba, gilashin masu ƙeya kuma yana ɗauke da dalma, dukansu guba ne ga jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, musamman ta yara. Rahoton sharar lantarki na duniya na 2024, wanda hukumomin ITU da UNITAR na Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar, ya nuna an samar da tan miliyan 62 na irin wannan shara a 2022, kuma kashi 22.3 cikin ɗari kacal aka tabbatar an tattara an sarrafa yadda ya kamata. A Nijeriya, hukumar NESREA da aka kafa a 2007 ita ke da alhakin sa ido a wannan fanni, kuma ta fitar da dokokin da suka shafi kayan lantarki a 2011.

A aikace, mafi yawan matattun monitoci a hannun 'yan gwangwan suke ƙarewa, inda ake fasa su a ƙona wayoyi don ciro tagulla. Miƙa mataccen monita ga mai gyara domin ya amfana da sassansa ya fi jefa shi a bola, kuma bai kamata a fasa ƙwayayen fitilar baya ko a ƙona robar jikinsa ba.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa ɗaukewar hoto alama ce da ke iya fitowa daga wurare da dama, tun daga fis ɗin filogi har zuwa gilashin nuna hoto. Bincike mai tsari, wanda ya faro daga wuta, ya bi ta kan kwamfuta da waya, ya ƙare da gwajin tocila, yana iya gano wurin matsala ba tare da an kwance ko da noti ɗaya ba. Matsalar waya da wuta da kafasita ta cancanci gyara, ta fitilar baya tana buƙatar a auna darajar monitan, ta gilashi kuwa sauyi ne maganinta. Ana ba cibiyoyin da ke da kwamfutoci masu yawa shawarar su tanadi waya da monita guda da aka tabbatar da lafiyarsu domin gwaji, su kuma riƙa rubuta alamar da kowane monita ya nuna a jikinsa kafin a kai shi ɗakin ajiya. Wannan rubutu zai sauƙaƙa wa mai gyara aiki, ya kuma ba hukumar cibiya damar sanin adadin da za ta gyara da adadin da za ta saya.